ZAUREN UWARGIDA: Kafet Daidai Aljihu

   

A cikin wasiƙun da suka taru mini wannan watan akwai guda biyu da suka zo da kuka iri ɗaya, ɗaya daga Gaya, ɗaya daga Ajingi, kuma dukkansu sun roƙi in sakaya sunansu. Ta Gaya uwa ce mai shirin aurar da 'yarta bayan kaka. An yi gado da katifa da kwanuka, saura abin shimfiɗa a ƙasa, ga kuɗin hannunta sun kusa ƙarewa, ga yarinya ta kafe ita sai kafet bango da bango irin wanda aka yi wa ƙawarta. Ta Ajingi kuwa uwargida ce, ta daɗe a ɗakinta da tsohuwar leda, yanzu za a yi mata amarya. Maigida ya kawo kayan faɗar kishiya da ɗan abin da ya sawwaƙa na gyaran ɗaki, ita kuma tana fargabar kada ta sayi abin da 'yan jere za su leƙo su taɓe baki.

To 'yan uwa, wannan magana ba ta mutum biyu ba ce. Kafet ya raba ƙawaye, ya sa uwa ta sayar da akuyar da take taƙama da ita, ya sa amarya ta kwana tana kuka a daren da ya kamata ta yi farin ciki. Don haka yau sai mu baje shi a faifai.

DAGA DAƁE ZUWA KAFET

Ku tambayi kakanninku na Gaya da Kademi da Toranke, za su ba ku labarin yadda ake shirya ɗakin amarya a da. Mata ne ke taruwa su yi daɓe, a zuba tsakuwa a yi ta bugu da maɗabi ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Sai a shimfiɗa tabarmar kaba, maigida ya jefa buzunsa, shi ke nan ɗaki ya haɗu. Kilishi kuwa sai gidan sarauta da na attajirai, darduma sai wadda alhazai suka yo tsaraba daga Makka. Da kuɗi suka yawaita a hannun ma'aikata, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975, siminti da leda suka bazu, daga baya kafet ya biyo sahu har ya zama kamar farilla a kayan ɗaki.

Yau kuma kiɗa ya canza. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi. Dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kafet kuwa, ko daga waje aka kawo shi, ko a nan gida aka saƙa, zarensa da injinsa duk da dala suke tafiya. Saboda haka uwar da ta yi wa babbar 'yarta kafet cikin sauƙi shekara biyar da suka wuce, kada ta zargi kanta in na ƙaramar ya gagara. Ba ita ta gaza ba, zamani ne.

KAFIN KI TAKA KASUWA, AUNA ƊAKI

Babbar asarar da mata ke yi tun daga gida take farawa. Sai a tashi a ce wa ɗan kasuwa, "Ɗakin dai madaidaici ne, kamar wannan rumfar taka." Haba 'yar uwa! Ai kin ba shi wuƙa da nama. Ki ari tef ɗin tela ko na magini, ki auna tsawo da faɗi, ki rubuta a takarda. Ki auna kowane ɓangare sau biyu, gaba da baya, domin ɗakunanmu, musamman ginin ƙasa, ba kasafai kusurwoyinsu ke daidaita ba. Lambar da ta fi girma ita za ki riƙe, ki ƙara kamar inci 4 na gyara.

Ga ɗan lissafi. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu, wato ƙafa 12 kowane ɓangare, yadi 4 ne tsawo, yadi 4 faɗi. Kafet na yanka yana zuwa a naɗe, kuma faɗin naɗin ba ɗaya ba ne. Akwai mai faɗin ƙafa 12, akwai mai faɗin ƙafa 6. In mai faɗin 12 ne, yadi 4 da ɗan ƙari ya ishe ki, kuma babu haɗi a tsakiya. In mai faɗin 6 ne, sai kin sayi yadi 8, a haɗa biyu, kuma wurin haɗin nan shi ke fara zarewa.

A nan ake yi wa mata wayo. Bari in ba da misali, ba farashin kasuwa ba ne, don dai a gane. Wani ya ce miki yadinsa naira 6,000, wani ya ce nasa 10,000. Ki ruga wurin na 6,000 kina murna, ashe nasa mai faɗin ƙafa 6 ne, yadi 8 ya kama 48,000. Na 10,000 kuwa mai faɗin 12 ne, yadi 4 ya kama 40,000. Kin ga mai arahar shi ne mai tsadar. Don haka tambayarki ta farko ita ce, "Malam, faɗinsa nawa?" Ta biyu kuma, "Da yadi kake awo ko da mita?" Mita ta fi yadi da inci 3 da ɗoriya. Ki tsaya a auna a gabanki, da tef ɗinki in da hali.

WANNE NE NAKI?

Kafet bango da bango yana da kwarjini, ban musa ba. Amma ba kowane ɗaki ya dace da shi ba, ba kuma kowace mace ba. Shi ba a ɗaga shi a kakkaɓe yadda aka so, duk abin da ya zube a kansa ya zauna ke nan. Wadda take da yara ƙanana masu rarrafe, ko wadda a ɗakinta ake cin abinci ake karɓar baƙi, to ta yi tunani sau biyu.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce a shimfiɗa leda mai kauri a ɗakin duka, a ɗora santa kafet mai kyau a tsakiya, mai ƙafa 5 da 7 ko 4 da 6 gwargwadon fili. Ku duba fa, a ɗakin amarya gado ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, ga kabad, ga kujeru, ga madubi. Kafet ɗin da aka biya kuɗinsa yana kwance ƙarƙashin gado ba mai ganinsa sai ƙura da kyankyaso. Kuɗin da za a sayi kafet mai araha na ɗaki duka, in aka tara su kan santa kafet guda, sai a sami mai nauyi wanda zai shekara da shekaru. Ranar da ya yi datti a naɗe a fitar tsakar gida a wanke, ranar da aka tashi daga gidan haya a ɗauke shi a kafaɗa.

Don zaman yau da kullum kuma kada a raina tabarmar roba, wadda ake yi a masana'antunmu na Kano. Yara su ci tuwo a kanta, kafet ya huta.

SANIN NA ƘWARAI

Yawancin kafet ɗin da ke kasuwanninmu na inji ne, da zaren roba wanda masana ke kira folifurofilin. Birnin Gaziyantef na Turkiyya ya shahara a duniya wajen saƙa irinsa, ana kuma yin sa a ƙasar Sin. Sunan Nobel, wanda aka sani da saƙar Ikorodu ta jihar Legas, shi ma ba baƙo ba ne wurin 'yan kasuwa. Wannan zare yana da kirki: ba ya shan ruwa sosai, launinsa ba ya saurin kodewa, asu ba ya cinsa. Aibinsa biyu ne. Yana son maiƙo, kuma in aka daɗe ana taka shi sai ya kwanta ba ya tashi. Na nailan ya fi shi juriyar taku, ya kuma fi shi tsada. Na ulu, wato gashin tumaki, shi ne sarki, kuɗinsa ma na sarauta ne.

In mai kaya ya rantse miki cewa nasa ulu ne, ki roƙe shi zare ɗaya daga gefe, ki ƙyasta ashana can nesa da kaya. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya zama toka mai murmushewa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Magana ta ƙare.

Sunan ƙasa ba shi ne inganci ba, kowace ƙasa tana yin na manya tana yin na talaka. Hannunki da idonki su ne alƙalai. Ki lanƙwasa gefen kafet ɗin ta baya, gashin yana waje. In nan take kika hango ƙasan saƙar kamar kan mai sanƙo, to zaren bai cika ba. Ki danna babban yatsa da ƙarfi ki ɗaga, mai kyau zai miƙe da wuri. Ki ɗaga kusurwa ki ji nauyi, domin a kafet biyu masu girma ɗaya da zare iri ɗaya, mai nauyin ya fi zare. Ki goga farin ƙyalle mai ɗan laima ki ga ko yana zuba. Sannan ki juya bayansa. Mai bayan soso in kin karce da farce kika ga yana marmashewa, ki bar musu abinsu, watanni kaɗan zai koma gari a ƙarƙashinki.

Dogon gashi mai laushi yana jan ido a shago, amma a garuruwanmu masu rairayi rumbun ƙura ne. Gajeren gashi mai cika ya fi sauƙin shara. Launi ma haka. Fari da ruwan madara na gidan da ba yara ne, baƙi wuluk da shuɗi mai duhu kuma suna tona asirin ƙurar hunturu. Ruwan ƙasa, ruwan goro, ja mai duhu da zane-zane, su ne masu rufin asiri. Kuma ki sa a fito da shi hasken rana, fitilar shago maƙaryaciya ce.

MAƘIYAN KAFET A ƘASARMU

Na farko danshi. Duk wadda ta zauna a garuruwan da ke kusa da fadama da kogin da ya biyo ta Wudil ta san yadda ƙasa ke tsatsafo da ruwa a watan Agusta. Kafet a kan ƙasa mai laima sai wari da fumfuna, ga tari ga mura. Sabon ɗakin amarya ma haka, sau da yawa ana gama siminti yau, jibi a zo jere. Siminti yana bukatar kamar kwana 28 kafin ya yi ƙwari, bushewarsa sarai kuwa takan wuce haka. Ga gwaji mai sauƙi: ki shimfiɗa 'yar leda a ƙasa, ki danne gefunanta sosai, ki bar ta kwana ɗaya ko biyu. In kin ɗaga kika ga gumi a ƙarƙashi, ɗakin bai shirya karɓar kafet ba.

Na biyu gara. Ba garar da dangin amarya ke kaiwa ba, wannan mai cin kaya nake nufi. Ba ta cin roba, amma tana cin bayan kafet in na igiya ne irin ta buhun gyaɗa na da, tana cin kwalin da wasu ke shimfiɗawa a ƙasa. A toshe duk wata tsaga da siminti tukuna. Kuma ina roƙonku, kada a manne kafet da gam a ɗakin da ake zargin danshi ko gara. A bar ƙafafun gado da kujeru su danne shi, don a riƙa ɗagawa ana dubawa.

Na uku, ku yi haƙuri, mu ne da kanmu da kaskon turaren wuta. Garwashi ɗaya ya faɗo a kan zaren roba, ya narke ya bar tabo har abada, dutsen guga ma haka. A ɗora kasko a kan faranti mai faɗi, can wajen bakin ƙofa. Risho da kananzir kuwa kada su kusanci kafet ko da wasa, wannan maganar rai ce ba ta ado ba.

ZUWA DA KAI YA FI AIKE

A kasuwannin mako na kusa da ku, har da ta Wudil da ke ci ranar Juma'a, mai neman tabarma da 'yar shimfiɗa ba za ta rasa ba. Amma mai son zaɓi da yawa sai ta shiga Kano, ta zaga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Sai dai a sa kuɗin mota cikin lissafi, zuwa da dawowa, da na ɗan dako, da abin da yaron mota zai caza na kaya. Dabara ita ce mata biyu ko uku masu bukata su haɗa tafiya ɗaya, su saya a shago ɗaya. Ragin ya fi yawa, kuɗin dako ya rabu.

Ku mutanen Gaya, tarihi ya ce daga garinku maƙera Abagayawa suka tashi suka je gindin Dala neman tama, tun Kano ba ta zama Kano ba. To kada jikar masu gari ta shiga Kwari tana rawar jiki kamar baƙuwa! Ki taya a shago uku kafin ki ciro kuɗi. Kada ki nuna wanda ya kwanta miki a rai, kada ki ce na biki ne kuma saura mako guda, domin mai gaggawa ba ta ciniki. In ya ce albarka, ki yi godiya ki juya, sau da yawa kafin ki kai bakin layi za a kira ki. Masu tare ki a hanya su ce za su kai ki inda ya fi araha, ki sani la'adarsu a cikin kuɗinki take. Ki tambayi ragowar yanka, wato ƙarshen naɗi, akan sallama shi da sauƙi kuma yakan ishi ƙaramin ɗaki. In an sallama, a warware shi duka a gabanki, wanda kika duba shi za a naɗe miki, ki karɓi rasit mai ɗauke da awo da kuɗi.

Lokaci ma yana da tasiri. Bayan kaka, da manoma suka sayar da gero da gyaɗa da wake, bukukuwa ke yawaita, haka ma watan Sha'aban da gab da Sallah. Lokacin kowa na nema, ɗan kasuwa ba ya sassauci. Mai dabara takan saya da wuri in ta kwashi adashi, ta ajiye shi a naɗe a kan benci, ba a ƙasa ba, ba kuma a ninke ba don kada ya karye.

Sayen kafet ta hoton waya kuwa cinikin biri a sama ne, hoto ba ya nuna nauyi. Na gwanjo kuma akwai na kirki a ciki, wani ma ya fi sabo mai araha. Amma a shinshina, a duba gefuna da baya saboda kuɗin cizo, a wanke a shanya a rana sosai kafin ya shiga ɗaki.

IN YA SHIGO GIDA

Sabon kafet yana da wari, a buɗe taga kwana biyu ko uku ya sha iska. A yi shara kullum da burushi ko tsintsiya mai tauri, ana bin inda gashin ya kwanta. A hana shiga da takalmi. Duk wata a fitar da santa kafet a rataya a bubbuga, a juya shi don kada gefe ɗaya ya cinye. In miya ko mai ya zuba, kada a cuɗa, a kwashe da cokali, a barbaɗa sitaci ya tsotse maiƙon, sannan a bi da ruwan omo kaɗan ana dannawa da tsumma. In yaro ya yi fitsari, a tsane shi, a bi da ruwa mai tsarki har alamarsa ta gushe, a ɗaga ƙasan ya bushe. Mu masu sallah a ɗaka ne, wannan kaɗai ya isa ya sa mai goyo ta fi son abin da za ta iya fitarwa ta wanke. Gidan da ke da mai asma kuwa, ƙurar da kafet ke riƙewa tana tayar da ciwon, leda ko tayil ya fi masa lafiya.

KALMA GA AMARE DA MAGIDANTA

Ke 'yata amarya, zo nan in gaya miki. 'Yan kallon ɗaki kwana nawa za su yi? Su shigo, su yi guɗa, su yaba ko su kushe, su watse. Bashin da mahaifiyarki ta ci wurin dillaliya kuwa da shi za ta kwana da shi za ta tashi, ke kina can kina amarci. Ban taɓa jin auren da kaurin kafet ya riƙe ba, amma na sha jin wanda albarkar iyaye ta riƙe. Ki karɓi abin da aka yi miki da hannu biyu, in Allah ya buɗa wa mijinki gaba sai ku sauya.

Ke kuma uwargida, kada ki shiga tsere da ɗakin amarya. Nata iyaye da dangi ne suka haɗu suka yi, ke kuwa ɗan abin da ke hannunki ne. Sabuwar leda, santa kafet guda mai nauyi, labule wankakke da ƙamshi, wallahi sun ishe ki fita kunya. Tsafta ita ce adon da ba a saya a Kwari.

Ku kuma iyayenmu maza da angwaye, na san kuna leƙa wannan shafi a ɓoye. Ku ja kunnen 'yan uwanku mata su daina gori kan kayan ɗaki. Ango ya gyara siminti ya toshe ɗigon rufi kafin ranar jere, domin wannan haƙƙinsa ne. Mai ƙaro aure kuma ya tuna da ɗakin uwargida da abin da zai isa, adalci tun daga nan yake farawa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Duka biyun gaskiya ne, amma nagarin da ya fi shi ne wanda aka saya aka kuma yi barci babu mai buga ƙofa yana bin bashi.

Nan zan dasa aya. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓo labule da zannuwan gado, yadda ake zaɓensu su dace da shimfiɗar ƙasa. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, zauren naku ne. Allah ya ba da zaman lafiya a gidajenmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.

Taku har kullum,
Antin Zaure